Jirgin Ayaba da Ya Koma Jirgin Yaƙi: Labarin Möwe

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A wata hira na ji an ce lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamusawa sun ɗauki jirgin ruwan dakon ayaba suka ɗora masa bindigogi, ya riƙa nutsar da jiragen Ingila har suka rasa yadda za su yi da shi. Shin da gaske ne? In haka ne, ta yaya jirgin kaya yake komawa jirgin yaƙi? Kuma me ya raba wannan da fashin teku?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Sunan jirgin Möwe, kafin nan kuma Pungo ake ce masa. Abu uku kake son sani: ko abin ya faru, yadda ake yin aikin, da matsayinsa a dokar yaƙi. Ka sani tun farko ni injiniyan jirgin kaya ne, a ɗakin inji na yi aikina, ba sojan ruwa ba ne ni, ba kuma lauya ba. Jiragen da na yi wa hidima masu shan dizal ne, na kwal irin su Möwe sun riga ni. To amma ƙarfe da ruwa da nauyi halinsu bai sauya ba, kuma da wannan ido nake karanta tarihin.

Me ya sa jirgin ayaba?

A 1914 aka ƙera Pungo a ma'aikatar Tecklenborg da ke Geestemünde a arewacin Jamus, don kamfanin Laeisz na Hamburg. Aikin da aka nufe shi da shi shi ne kwaso ayaba daga gonakin Jamusawa a Kamaru zuwa kasuwannin Jamus. Tsawonsa kimanin mita 124, girmansa tan 4,788 a ma'aunin rajista, gudunsa kamar kilomita 24 zuwa 25 a awa. Wannan gudu ya fi na yawancin jiragen kaya na zamaninsa, don ayaba ba ta jira, in ka yi nawa a hanya ruɓaɓɓiya za ka sauke. Sai yaƙi ya ɓarke a Agusta na wannan shekara, Duwala ta faɗa hannun Ingila da Faransa a Satumba, aka ci gaba da gwabzawa cikin ƙasa, Garwa ta faɗi a 1915, Mora a Fabrairu 1916, kuma Hausawa da yawa suna cikin sojojin da Turawan Ingila suka kai wannan fage. Cinikin ayaba ya mutu, sabon jirgi ya zauna a tasha ba aiki.

A farkon yaƙin, Jamus ba jiragen kaya ta sa wa ido ba. Manyan jiragen fasinja masu gudu ta ɗora wa igwa, bisa tunanin cewa mai gudu shi ke kama wanda yake so, ya kuma tsere wa wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ya karya wannan tunani shi ne kwal. Irin waɗannan jirage in suka buɗe wuta ɗaruruwan tan suke ƙonawa a rana, Jamus kuwa ba ta da tashar shan kwal a Tekun Atlantika. Ɗaya daga cikinsu, jirgin Kaiser Wilhelm der Grosse, yana tsaye yana loda kwal a gaɓar Rio de Oro, yammacin Sahara, jirgin yaƙin Ingila Highflyer ya same shi ranar 26 ga Agusta 1914. Cap Trafalgar ma a wurin shan kwal aka riske shi, kusa da tsibirin Trindade, a Satumba. Kronprinz Wilhelm ya fi su daɗewa, amma a Afrilu 1915 dole ya shiga tashar Amurka, kwal ya ƙare, inji ya gaji, ma'aikata ba lafiya, aka tsare shi a can. Ga kuma wata matsala: babban jirgin fasinja mai bututun hayaƙi uku ko huɗu kowane matuƙi ya san kamanninsa tun daga nesa.

Jirgi irin Pungo kuwa, inji ɗaya gare shi, cin kwal ɗinsa a rana gommai ne na tan, ba ɗaruruwa ba. Rumbunan da aka yi don ayaba ana iya cika su da kwal da abinci da nakiya. Uwa uba, babu abin da ya bambanta shi da sauran dubban jiragen kaya masu bututu ɗaya da ke yawo a teku. A ganina wannan ne babban makaminsa, ya fi igwa huɗun da aka ɗora masa. Rundunar ruwan Jamus ta karɓe shi a 1915, ya shiga aiki ranar 1 ga Nuwamba da sunan Möwe, ƙarƙashin Nikolaus zu Dohna-Schlodien.

Abin da ake yi wa jikin jirgin

Mutane kan ɗauka kawo bindiga ake yi a ɗaure a doron jirgi, shi ke nan. Da haka ne, harbin farko zai tsage wurin. An ɗora wa Möwe igwa huɗu masu bakin santimita 15, ɗaya mai santimita 10.5 a baya, bututun harba tofido (bam mai tafiya a cikin ruwa) biyu, da nakiyoyin ruwa kimanin 500. Igwa in ta tashi tana naushin abin da take zaune a kai da ƙarfin gaske, doron jirgin kaya kuwa an yi shi ne don nauyin da ke zaune shiru. Dole a ninka farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, a kafa ginshiƙai su sauka da wannan naushi zuwa haƙarƙarin jirgin. Ko injin ɗaga kaya za a ƙara wa jirgi a yau, ba ma yarda a walda shi sai an duba abin da ke ƙasansa an ƙarfafa, balle igwa.

Sai maganar daidaito. Duk nauyin da ka ɗora a sama yana rage wa jirgi ikon komawa tsaye idan igiyar ruwa ta karkata shi. Jirgin kaya kayansa ne ke zaunar da shi. In ka cire kayan ka ɗora ƙarfe a sama, sai ka nemi abin da za ka zuba a ƙasa. Kwal yana yin wannan aiki, amma kwal ƙonewa yake yi, kullum jirgin yana ƙara sauƙi daga ƙasa alhali igwa tana nan a sama. Duk wanda ya taɓa lissafin daidaiton jirgi a ƙarshen doguwar tafiya, tankunan mai sun kusa ƙarewa, ya san wannan damuwa. Bayan haka a keɓe ma'ajiyar harsashi can ƙasa da layin ruwa, nesa da zafin tukunyar tururi. A kuma samar wa mutane wuri: jirgin da 'yan gommai ke tafiyarwa ya koma ɗaukar 235, ga fursunonin da za a kwaso daga jiragen da aka kama, kowa na buƙatar ruwan sha da abinci da makwanci.

Ɓoyewa ita ce sauran aikin. An ɓoye igwogin bayan bangon ƙarfe mai maɓalli wanda ake saki ya faɗi cikin daƙiƙu. Ana tafe da fenti da katako da tamfol da tutocin ƙasashe, a sauya launin bututu, a sauya suna, a wayi gari jirgin Suwidin ya zama na wata ƙasa. Kura da fatar akuya ke nan sosai.

Akwai abu uku da ba a iya ƙarawa, su ne kuma iyakar wannan dabara. Ba sulke, don jikin jirgin ba zai ɗauki nauyinsa ba. Ba gudu, don injin da aka haife shi da shi shi ne dai. Ba kuma yawan ɗakuna: jirgin yaƙi na asali an yanka cikinsa ƙanana-ƙanana yadda in ruwa ya shiga ɗaya a rufe shi, jirgin kaya kuwa manyan rumbuna ne 'yan kaɗan, in biyu suka cika sai addu'a. Injin tururi na jirgin kaya dogo ne, kansa yana sama da layin ruwa, harsashi ɗaya in ya sami ɗakin inji ya gama magana. Saboda haka Möwe bai taɓa zama abokin karawar jirgin yaƙi ba, kuma kyaftin ɗinsa ya san haka. Duk inda ya hangi hayaƙin da bai yarda da shi ba, ko ya ji wayar iskar sojojin Ingila ta matso, kaucewa yake yi.

Fashin teku ne?

A dokar da ƙasashe suka amince da ita, a'a. A da can sarakunan Turai sukan ba ɗan kasuwa takardar izini ya ɗora bindiga a jirginsa ya kama na abokan gaba, ganimar ta zama ribarsa. Yarjejeniyar Paris ta 1856 ta soke wannan. A 1907 kuma, a taron Heg, aka rubuta sharuɗɗan mayar da jirgin kasuwa na yaƙi: ya kasance ƙarƙashin ikon gwamnati kai tsaye, ya ɗauki alamun jiragen yaƙin ƙasarsa, kwamandansa hafsa ne da gwamnati ta naɗa, ma'aikatansa suna ƙarƙashin horon soja, ya bi dokokin yaƙi, a kuma sa sunansa cikin jerin jiragen yaƙin ƙasar. Ɗan fashi don aljihunsa yake yi, ba kuma wanda zai tuhume shi sai wanda ya kama shi. Möwe na gwamnati ne, gwamnati ke ɗaukar alhakin abin da ya aikata. Ingila ma haka ta yi, jiragen kasuwa masu igwa ne suka riƙe mata sintirin datse hanyar Jamus a arewacin Sikotland.

Tutar ƙarya fa? Al'adar yaƙin teku ta yarda a yi tafiya da tutar wata ƙasa don yaudara, da sharaɗin a sauke ta a ɗaga ta gaskiya kafin a yi harbi. Haka Möwe ke yi: ya matso, ya ɗaga tutar yaƙin Jamus, bango ya faɗi, a ba da umarnin tsayawa da hana amfani da wayar iska, a harba ɗaya gaban jirgin don gargaɗi. Sai a kwashe mutane, a ɗebi abin da ake so, a nutsar da jirgin. Taron Heg bai iya warware abu ɗaya ba, wato ko ya halatta a yi wannan sauyi a tsakiyar teku, aka bar shi a buɗe. Möwe kuwa ya yi hakan, ya ɗora ƙananan igwa a kan jirgin kwal Saint Theodore da ya kama, ya sa masa suna Geier. Iyakar abin da zan iya faɗa a matsayina na wanda ba lauya ba ke nan.

Fita ta farko, da jirgin Afirka ta Yamma

A ƙarshen Disamba 1915 ya fita da kamannin jirgin Suwidin, cikin hunturu, dare dogo, teku na hauka, lokacin da sintiri ya fi wuya. Aikinsa na farko shuka nakiya: sama da 250 a arewacin Sikotland. Ranar 6 ga Janairu 1916 babban jirgin yaƙin Ingila King Edward VII, mai nauyin tan dubu 16, ya taka ɗaya, ya yi awoyi yana shan ruwa, aka kwashe mutanensa, ya kife. Sauran nakiyoyin ya zuba su a gaɓar Faransa wajen bakin kogin Gironde, sannan ya gangara kudu ya fara farauta tsakanin Sifen da tsibiran Kanari.

A nan labarin ya taɓo mu. A tsakiyar Janairu ya tare Appam, jirgin fasinja da wasiƙu na kamfanin Elder Dempster, kamfanin da ya riƙe zirga-zirga tsakanin Libaful da tashoshin Afirka ta Yamma har Legas. Appam ya baro Dakar zai tafi Ingila, ɗauke da koko da manja da ƙwarar manja da kuza da akwatunan zinariya. Cikin fasinjojinsa akwai gwamnan Saliyo, Edward Merewether, da ma'aikatan mulkin mallaka masu tafiya hutu, da wasu Jamusawa da aka kamo daga Kamaru ana kai su tsare. Dohna ya kwashe zinariyar, ya saki 'yan ƙasarsa. Mutanen sun yi masa yawa, nutsar da jirgin kuma yana nufin ya ɗauke su duka. Sai ya zuba sauran fursunoninsa a ciki, ya ba Laftanar Hans Berg da 'yan mutane kaɗan, ya ce su haye da shi Amurka, wadda a lokacin ba ta shiga yaƙin ba. A Ingila an riga an fid da rai, an ɗauka ya nutse da kowa. Kwatsam ranar 1 ga Fabrairu ya shigo Hampton Roads a jihar Bajiniya da tutar Jamus. Masu jirgin suka kai ƙara, shari'a ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a Maris 1917 ta ce ba a ajiye ganimar yaƙi a tashar ƙasar 'yan ba-ruwanmu, a mayar wa masu shi.

Ba kowa ya tsaya salin-alin ba. Clan Mactavish ya mayar da wuta da ƙaramar igwarsa, aka kashe masa sama da mutum 15, yawancinsu ma'aikata 'yan Indiya. Kwal kuwa, daga abokan gaba Möwe ke samu. Ya kama jirgin kwal Corbridge, ya tura shi wani lungu a gaɓar arewacin Birazil, suka haɗu can ya sha. Na ga yadda ake juye mai tsakanin jirgi da jirgi, da tiyo da famfo da manyan robobin kariya, duk da haka hankalin kowa a tashe yake har a gama. Su kwal ne, da shebur da kwando da ƙarfin ƙirji, cikin zafi, jirage biyu suna gogar juna. Ranar 4 ga Maris 1916 ya koma gida, ya ci jirage 15 ban da waɗanda nakiya ta ci.

Fita ta biyu, da ranar da aka kusa gamawa da shi

Ya sake fita a ƙarshen Nuwamba 1916, ya dawo 22 ga Maris 1917 da jirage 25 a lissafinsa. A Disamba ya nutsar da Georgic da dawakai kimanin 1,200 a cikinsa, abin da ba na iya karantawa ba tare da raina ya sosu ba. Ya nutsar da Mount Temple, wanda cikin kayansa har da ƙasusuwan dabbobin zamanin da da aka haƙo a Kanada. Ya kama Yarrowdale cike da motoci da kayan yaƙi, ya aika shi Jamus da fursunoni sama da 400.

Ranar 10 ga Maris 1917, yana hanyar komawa, ya haɗu da Otaki, jirgin dakon nama na kamfanin jiragen Niyu Zilan. Igwa ɗaya tak gare shi a baya. Kyaftin ɗinsa Archibald Bisset Smith ya ƙi tsayawa. Cikin kamar minti ashirin Otaki ya kama da wuta ya nutse, kyaftin ya tafi tare da shi, cikin mamatan har da yaro ɗan shekara 14 mai koyon aiki. Amma 'yan harsasan da suka sami Möwe sun huda shi, sun kashe masa mutum biyar, sun tayar da gobara a rumbun kwal wadda aka yi ta fama da ita. Wutar kwal a rufaffen wuri ba a kashe ta da guga, ciki take ci, ga harsasai a maƙwabtaka. Ka duba: igwa ɗaya a hannun ma'aikatan jirgin kasuwa ta kusa kai shi ƙasa. Wannan shi ne abin da na faɗa game da sulke da ɗakuna. Bayan yaƙi Ingila ta ba Smith lambar yabo ta Victoria Cross.

Hujja ta biyu ita ce Yarrowdale. Jamusawa sun yi masa irin aikin da suka yi wa Pungo, suka sa masa suna Leopard, makamansa ma sun fi na Möwe. Ranar 16 ga Maris 1917, a fitarsa ta farko, jiragen sintirin Ingila Achilles da Dundee suka tare shi a tekun arewa yana sanye da kamannin jirgin Norwe. Ba wanda ya tsira cikin mutanensa 319, haka ma sojojin Ingila shida da suka hau bincike. Dabara ɗaya, sakamako biyu. Bambancin kawai shi ne an gane wannan, ba a gane wancan ba.

Jimillar Möwe jirage kimanin 40 ne, kusan tan dubu 180, ba wani jirgin saman ruwa na Jamus da ya kai shi a wannan yaƙi. In ka auna da abin da jiragen ƙarƙashin ruwa suka nutsar a wata guda na 1917, kaɗan ne. Ribarsa ta fi yawa a wani gefen: jiragen yaƙin da aka janye daga wasu wurare don nemansa, jiragen kaya da aka tsare a tasha ko aka sauya wa hanya, kuɗin inshora da ya hau. Kuma ina ganin daidai ne a tuna su wa suka biya. Ba sojoji ba ne yawanci, ma'aikatan jirgin kasuwa ne, masu zuba kwal da masu dafa abinci, 'yan Indiya da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma cikinsu, waɗanda suka fito neman abinci.

Bayan yaƙi aka miƙa shi ga Ingila cikin diyya. Kamfanin Elders & Fyffes ya karɓe shi, ya sa masa suna Greenbrier, ya yi dakon ayaba daga yankin Karibiyan. A 1933 ya koma hannun Jamusawa da sunan Oldenburg. A Yaƙin Duniya na Biyu kaya yake kaiwa tsakanin Jamus da Norwe, har 7 ga Afrilu 1945 da jiragen saman ƙawancen Ingila suka nutsar da shi a Vadheim.

Za a iya yi a yau?

Jamus ta maimaita a yaƙi na biyu, da jiragen dizal waɗanda suka rage matsalar makamashi sosai. Atlantis, wanda da Goldenfels ne, ya yi kwana sama da 600 a teku ya ci jirage 22. Kormoran ya nutsar da jirgin yaƙin Ostareliya Sydney ranar 19 ga Nuwamba 1941, mutum 645 suka tafi, don Sydney ya matso kusa da yawa yana tambayar suna, shi ma Kormoran bai tsira ba. Bayan kwana uku jirgin yaƙin Ingila Devonshire ya sami Atlantis, ya ƙi matsowa, ya tsaya inda igwar Atlantis ba ta kaiwa, ya tabbatar ta wayar iska cewa sunan da aka ba shi ƙarya ne, ya buɗe wuta. Daga nan jiragen sama masu sintiri da na'urar rada da fasa saƙonnin sirri suka rufe wannan hanya, zuwa ƙarshen 1943 babu sauran irinsu a teku.

A yau kowane babban jirgin kasuwa yana da lambar rajista da ba ta sauyawa, yana da na'urar da ke sanar da inda yake, tauraron ɗan Adam kuma yana ɗaukar hotonsa. Ana iya kashe na'urar, masu fasa-ƙwaurin mai suna yi, amma jirgin da ya nutsar da ɗaya ba zai sami watanni huɗu yana yawo ba a san shi ba. Abin da ya rage shi ne karɓar jiragen kasuwa don jigilar sojoji da mai da kayan yaƙi, kamar yadda Ingila ta yi a yaƙin Fokland na 1982. A can ma raunin bai sauya ba: Atlantic Conveyor, jirgin kwantena da aka loda wa jiragen sama, makami mai linzami ya same shi ranar 25 ga Mayu, wuta ta cinye shi, mutum 12 suka rasu, cikinsu har da kyaftin ɗinsa Ian North.